Gardamar da Gara ta Bari

Zafin bana a Tambuwal ya wuce a ba da labarinsa. Tun hantsi kwanon rufi yake fara ƙara, ruwan randa ya yi ɗumi kamar an sauke shi daga murhu, awaki su jeru a gindin katanga suna haki. Wutar lantarki kuwa sai dai ta leƙo ta koma, har fankar da ke ɗakin Malam Bube ta zama wurin hutawar ƙudaje. Duk wanda ka gamu da shi a hanya gaisuwar guda ce, ya zafi, amsar ma guda ce, lokacinsa ne, kuma babu mai ƙarfin ƙara wata kalma a kai.

Malam Bube tsohon hedimasta ne, shekararsa bakwai da yin ritaya. In bazara ta kai irin wannan maƙura ba a ganinsa a majalisa, sharar gona ma 'ya'ya ya bar wa. Abin da yake yi guda ne, kuma ya fi shekara talatin yana yinsa. Da an idar da Azahar sai ya yayyafa ruwa a ƙasan zaure, ya shimfiɗa tabarma, ya tuɓe riga ya rage singileti, sannan ya jawo wani akwatin ƙarfe ya fito da littattafai biyar. Sun tsufa har takardarsu ta koma launin ƙuli-ƙuli. Bangonsu na asali ya daɗe da tafiya, ya kuma tafi da sunan wanda ya rubuta su.

Labarai ne na wani birni mai ganuwa, shekara ɗari shida da suka wuce, zamanin da ba a san bindiga ba, gishiri yana zuwa a kan raƙuma. A birnin akwai wani dattijo, Sarkin Awo, wanda aikinsa duba mudu da ma'auni a kasuwa, amma duk sanda aka tsinci gawa ba a san wanda ya yi kisan ba, shi sarki yake sa a kira. Malam Bube ya san littattafan nan kamar yadda ya san hanyar masallaci. Ya san wanda ya sa wa ɗan sarki guba a na ɗaya, ya san inda aka ɓoye takobi a na uku. Matarsa Mu'minatu ta sha tambayarsa daɗin me ake ji a neman mai laifin da an riga an san sunansa. Shi kuma ya sha gaya mata cewa daɗin ke nan. In zafi ya hana mutum tunani ba ya son labarin da zai ba shi mamaki, ya fi son wanda zai kama hannunsa ya bi da shi hanyar da ya sani, a kama mai laifi, kowa ya koma gida.

Huɗu daga ciki haka suke ƙarewa. Na biyar ne ba shi da ƙarshe.

Littattafan ba nasa ne shi kaɗai ba. Shi da abokinsa Sirajo suka haɗa suka saye su a Sakkwato, lokacin suna samarin malamai a wata firamare a Dogon Daji, ɗakinsu ɗaya, butarsu ɗaya. Suka cinye huɗu a bazarar farko, suka shiga na biyar, har ya rage musu babin ƙarshe. Sai suka yi wayon da yara suke yi da tsokar nama, suka ce a ajiye sai an dawo daga hutu. Suka tura shi ƙarƙashin gado, a ƙasa. Da suka dawo suka tarar gara ta riga su. Ta ci daga baya, shafi goma sha ɗaya cif, ta tsaya daidai inda Sarkin Awo ya miƙe a fada ya ce, “Ranka ya daɗe, na san wanda ya kashe falken nan.” Ko garar ta je makaranta ba za ta zaɓi wurin tsayawa da ya fi wannan mugunta ba. Sun nemi wani kwafi har suka gaji, ba su samu ba.

Abin da ya rage na labarin shi ne wannan. An tsinci gawar wani falke mai safarar gishiri a cikin ramin marina. Mutum biyu ake zargi. Ɗaya dillalin da ya saukar da shi, wanda kayan gishirin suke hannunsa. Ɗaya kuma wanzamin unguwar, wanda ya rantse a gaban Sarkin Awo cewa tun da falken ya shigo birni ko a hanya bai gan shi ba. Bube ya ce dillali ne, don shi zai ci riba, kuma wanda ya ci riba shi ake tambaya. Sirajo ya ce wanzami ne. Da aka tambaye shi hujja sai ya ce shi dai idon wanzamin nan bai kwanta masa ba.

Daga nan gardama ta samo asali, kuma ba ta mutu ba. Rayuwa ta raba su, Bube ya dawo Tambuwal ya ci gaba da koyarwa, Sirajo ya bar alli ya zama akawu a sakatariyar Kebbe, amma duk bazara abu ɗaya ake yi. Bube zai karanta littafi, in ya gama ya ba direba ya kai Kebbe, ya ɗauki na gaba. In na biyar ya yi mako a can, sai shi da kansa ya shiga mota ya je ɗauko su. Ranar ce ranar shari'a. Su zauna a gindin darbejiyar gidan Sirajo daga Azahar har La'asar ta yi sanyi, wannan ya ce dillali, wancan ya ce wanzami, a sha fura, a ci mutuncin juna yadda abokai suke yi, a rabu kowa yana kan bakansa. Gefen shafukan ma bai tsira ba. Sirajo yana rubutu da fensir, Bube yana ba shi amsa da jan biro irin na duba jarrabawa, shi ya sa Sirajo ba ya kiransa da wani suna sai Jan Biro. Shi kuma yana ce masa Akawu. In wani littafi ya fara yagewa Akawu ne likitansa, da gam na ofis da bangon tsohon fayil.

Bana ba a kai ko littafi ɗaya Kebbe ba.

Wata biyar ke nan da hawan jini ya kayar da Sirajo a bakin masallaci, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Malam Bube ya je duba shi a asibiti a makon farko. Ya shiga da sallama da fara'arsa, ya ce, “Akawu, mi kaka yi nan?” Sirajo ya dube shi tsawon lokaci, irin duban da ake yi wa bango, sannan ya juya wajen 'yarsa Nasiha ya tambaye ta, da bakin da ya karkace, wane ne wannan baƙo. Malam Bube ya yi addu'a, ya ajiye ledar lemon da ya kawo, ya fito. A mota ya riƙa kallon taga har Tambuwal don kar a ga idonsa. Tun ranar bai koma ba. Yana kiran Nasiha a waya ranar Juma'a, yana aika abin da ya samu, amma ƙafarsa ta ƙi hanyar. In an yi masa magana sai ya ce gwiwa, ko ya ce zafi. Gaskiyar ita ce tsoro yake ji. Zai iya jure mutuwar Sirajo, don wannan hanyar kowa ce. Abin da ba zai iya jurewa ba shi ne ya sake tsayawa a gaban mutumin nan a sake tambaya wane ne shi.

Mu'minatu ba ta da haƙuri da mutanen da suke yaudarar kansu. Ranar da ta ga ya ajiye littafi na huɗu a kan 'yan uwansa, ta tsaya a ƙofar zaure da mafici a hannu.

“Malam, fuɗu ke nan ka gama, ko ɗaya ba ka aika ba.”

“In aika ma wa?” ya ce, bai ɗago ba. “Mutumin da bai san ni ba, mi za shi yi da littafi?”

“Shi bai san ka ba, ciwo na. Kai da ka san shi, mi ah hujjarka?”

Ya goge zufar wuya da tsohon hankici.

“Nasiha ta ce zafin ga shina wahal da shi, ko kunu da ƙyar shika sha,” ta ce. “Zumunta ga ƙafa take, Malam, ba ga waya ba. Ni dai abin da nika gani ke nan.”

Ta juya ta shiga ciki. Ya bi bayanta da harara, irin ta wanda aka gaya wa gaskiya a lokacin da ba shi da ƙarfin musu.

Karatun bana ma bai yi masa daɗi ba. Ya karanta ne kawai don jikinsa ya saba, kamar yadda mara lafiya yake tauna abinci ba ya jin gishiri. Duk shafin da ya buɗe fensir ɗin Sirajo yana nan a gefe. Wani wuri ya rubuta, “Jan Biro, a nan ka yi barci bara.” Wani wuri ya zana kan jaki ya sa masa hula. Da, in Malam Bube ya ga irin wannan, murmushi yake yi ya lalubo biro. Bana sai ya ɗora babban yatsa a kai ya rufe, ya karanta abin da ya rage. Wani lokaci ya farka ya tarar littafin a ƙirjinsa, zufa ta jiƙa bangon, bai san inda ya tsaya ba, bai kuma damu ya sani ba.

Ranar Laraba ya ɗauki na biyar. Ranar zafin ya fi na kullum, ko ganye ba ya motsi, ruwan da ya yayyafa a ƙasa ya bushe kafin ya gama shimfiɗa tabarma. Ya karanta zuwan ayarin, ya karanta yadda marina suka zo da asuba suka ga ƙafa a cikin ramin baba. Ya iso shafi na sittin da biyu, inda ake wankan gawar falken. Shafin nan bai taɓa burge shi ba. Dogon bayani ne na tulu nawa aka kawo da wanda ya yanka likkafani, shi kuwa kullum sauri yake yi ya isa inda Sarkin Awo zai titsiye dillali. Mutumin da ya shekara talatin da biyar yana dukan tebur yana ce wa yara su karanta a tsanake, shi ne yake tsallake shafi guda duk shekara. Laifi tudu ne.

Yana kama shafin zai juya, sai ya ji ya biyo hannunsa gaba ɗaya. Zafi ya busar da gam ɗin har ya zama gari. Wata siririyar takarda da Sirajo ya manna a gindin shafin tun da daɗewa, wai don ta riƙe shi, ta ɓamɓare ta faɗo a cinyarsa. Malam Bube ya yi tsaki. Ya ɗaga shafin don ya ga yadda zai mayar da shi, sai ya ga rubutu a wurin da takardar ta rufe. Fensir ne, ƙanana ƙwarai, hannun Akawu.

Ya gyara tabarau, ya matsa bakin ƙofa inda haske ya fi.

“Ga hujja nan, layi na tara. Shatin ƙaho ne. Wanzami ya yi rantsuwar ƙarya. Amma kar a nuna wa Jan Biro. In ya gani gardama ta ƙare, in ta ƙare me zai kawo shi Kebbe cikin wannan zafi? Bazarar 1998.”

Malam Bube ya ƙirga layi da yatsa har tara. Yana nan, a fili, inda yake tun ranar da aka buga littafin. Mai wankan gawa ya juya falken, ya kori ƙudaje daga wasu shati uku zagayayyu a tsakanin kafaɗunsa, kowanne da 'yan tsage-tsagen da ba su riga sun bushe ba. Ko yaron goye a ƙasar nan ya san abin da yake barin wannan shati, ya kuma san mai yinsa. Wanzamin da ya rantse bai ga falken ba, shi ya yi masa ƙaho a ranar da ya mutu.

Ya daɗe a zaune da shafin a hannu. Ya tuna duk shekarun da ya yi yana kafa hujja a kan hujja a gindin darbejiya, yana ɗaga murya, yana cewa akawu bai san komai ba sai hatimi da sa hannu. Ya tuna yadda Sirajo yake kishingiɗa yana sakace, yana cewa shi dai idon wanzamin nan bai kwanta masa ba. Ashe mutumin yana zaune ne a kan nasararsa kamar kaza a kan ƙwai, fiye da shekara ashirin, ya yarda a riƙa yi masa dariya don kawai a zo. Kunya ta kama Malam Bube, irin wadda take sa mutum ya duba ko wani yana kallonsa. Bayan kunyar sai kewa ta zo, ita kuwa ba ta da wurin ɓuya. Ya cire tabarau ya goge ido da hankicin zufa.

Da Mu'minatu ta kawo masa ruwa ya ce mata, “A goge min farar rigag ga. Kebbe za ni gobe.”

Ba ta tambaye shi dalili ba. Ta dai dubi littafin da ke warwatse a tabarma, ta ɗauki kofin ta koma.

Ya fita da sassafe don ya riga rana, amma motar ba ta cika ba sai da hantsi ya ɗaga. Aka matse shi a baya tsakanin wani mai buhun albasa da wata tsohuwa da za ta wuce Fakku, iskar da take shigowa ta taga kamar daga bakin tanda. Gonaki a share, fari fat, suna jiran ruwan da ko alamarsa babu. Littattafan suna cinyarsa a cikin leda. Shafi na sittin da biyu kuwa ya ninke shi ya sa a aljihun ƙirji, tare da siririyar takardar. Abin da ya ƙudurta shi ne ya faɗa wa Sirajo cewa ya gani, ya yarda, wanzami ne. Ko mutumin ya gane shi ko bai gane ba, haƙƙinsa ne a faɗa masa tun yana numfashi. Sau biyu a hanya ya ji kamar ya ce wa direba ya sauke shi.

Nasiha ce ta tarbe shi a zaure. Ta rame, idonta ya faɗa, irin na mai jinyar da ba ta samun barci. Ta durƙusa ta gaishe shi.

“Baba, sannu da hanya. Kun sha rana.”

“Lokacinta na. Ya mai jiki?”

“Da godiya. Baba, kar ranka shi ɓaci in bai gane ka ba. Ni ma wata rana da sunan innarshi shika kirana.”

“Na sani, ɗiyata,” ya ce. Ba ta ce masa ya daɗe bai zo ba, kuma rashin faɗar ya fi faɗar zafi.

An fito da Sirajo gindin darbejiya saboda ɗaki ba ya zaunuwa. Yana kishingiɗe a kan katifa, an tokare shi da matasai, an ɗora masa jiƙaƙƙen tawul a ka. Mutumin da da yake cika kujera yanzu riga ce kawai a kan ƙashi. Malam Bube ya yi sallama, ya cire takalmi, ya zauna a tabarma. Sirajo ya amsa da ƙyar, ya dube shi, ya kawar da kai. Duban nan ne dai na asibiti, bai canza ba.

Malam Bube bai san abin da zai ce ba, don haka ya yi abin da ya iya. Ya kwance leda, ya ɗauko na biyar, ya fara karantawa da ƙarfi daga farko. Ya karanta zuwan ayari da kukan raƙuma a ƙofar birni. Ya karanta marina da ƙafar da suka gani. Muryarsa ta dishe, Nasiha ta kawo ruwa, ya sha ya ci gaba. Sirajo idonsa a rufe, ƙuda yana yawo a hannunsa da ya shanye, babu alamar yana ji. Aka kira Azahar, Malam Bube ya je ya yi ya dawo, ya ɗora daga inda ya tsaya, yana tsallake abin da za a iya tsallakewa. Inuwa ta matsa, aka ja katifa aka bi ta. A ƙarshe ya iso inda haƙoran gara suka bar gefen takarda kamar bakin zarto.

“Ranka ya daɗe,” ya karanta, “na san wanda ya kashe falken nan.”

Ya rufe littafin. Ya gaji har cikin ƙashinsa. Ya dubi abokinsa, ya yi magana a hankali.

“Akawu, na zaka in gaya maka. Kai ad da gaskiya. Wanzami na.”

Wata kurciya tana kuka a saman bishiya. Malam Bube ya kai hannu aljihu zai fito da shafin, don ya cika abin da ya kawo shi ya tafi. Sai ya ga leɓen Sirajo yana motsi.

“Dillali na.”

Malam Bube ya tsaya da hannu a ƙirji. “Mi kac ce?”

Sirajo ya buɗe ido. Wannan karon ba bango yake kallo ba. Maganar tana fita a karkace, ɗaya bayan ɗaya, amma tana fita. “Dillali na. Shi ka cin riba. Kai dai, Jan Biro, ba ka taɓa karatu da hankali ba.”

Nasiha da take tahowa da ƙwaryar fura ta tsaya cak a tsakar gida.

Farin ciki da baƙin ciki suka zo wa Malam Bube a tare, bai san wanda zai fara tarba ba. An kira sunansa. Amma mutumin da ya gano layi na tara, ya ɓoye shi shekara da shekaru, ya manta da shi, ya manta ma ɓangaren da yake. Abin da ya rage masa guda ne, in Jan Biro ya ce gabas, shi yamma zai ce. Yatsun Malam Bube suna taɓa takardar a aljihu. In ya fito da ita ya karanta, ya ci gardama, da hujjar da ba tasa ba, a kan mutumin da ya ba shi ita.

Ya zare hannunsa babu komai a ciki. Ya gyara zama, ya kishingiɗa da gwiwar hannu.

“Ni dai,” ya ce, “idon wanzamin ga bai kwanta min ba.”

Rabin bakin Sirajo da yake da rai ya ɗaga. “Wagga ba hujja ba ta.”

“Hujja ta mana. Akawu mi ya sani ban da hatimi?”

“Gishiri,” in ji Sirajo, yana haki. “Hannun wa shike?”

Haka suka yi ta yi. Ba ta kai ta da ba, don Sirajo kalma uku yake yi ya huta, wani lokaci ya ɓata a tsakiyar magana sai Malam Bube ya miƙa masa bakin zaren, da hujjojin da shi kansa ya shekara talatin yana kafawa. Nasiha ta durƙusa ta riƙa ba uban fura da ludayi a tsakanin musu, yana sha ba tare da ya lura ba, har ya sha fiye da rabi. Ita kuwa tana ta goge fuska da gefen mayafi. Kafin La'asar barci ya ɗauke shi a tsakiyar wata magana a kan raƙuma.

Malam Bube ya tambayi Nasiha ko akwai sauran gam a kayan babanta. Ta samo wata 'yar kwalba a cikin tsohuwar jakarsa ta ofis, ya daskare sai da aka ɗiga masa ruwa. Ya juya baya, ya fito da shafin, ya mayar da shi wurinsa, ya ɗora siririyar takardar a kan rubutun fensir ya danne da babban yatsa har ta kama. Aikin bai yi kyau kamar na Akawu ba, amma ya rufe abin da aka so a rufe. Ya haɗa littattafan biyar ya ajiye su kusa da matashin Sirajo.

“A bar su nan,” ya ce mata. “Mako mai zuwa in zaka in ɗauka.”

Ya yi La'asar, ya dawo don ya yi sallama, saboda motar Tambuwal ba ta jiran kowa in rana ta yi sanyi. Ya sunkuya ya ɗauki takalminsa. Motsin ne ya tashi Sirajo. Ya buɗe ido ya dubi mutumin da yake tsaye a kansa da farar riga, ya daɗe yana dubansa, sannan ya juya wajen 'yarsa.

“Wane na wanga baƙo?”

Nasiha ta buɗe baki, Malam Bube ya ɗaga mata hannu. Abin ya soke shi daidai inda ya soke shi a asibiti, bai ragu ba ko kaɗan. Amma wannan karon ya san amsa.

“Ni na,” ya ce. “Mai cewa wanzami na.”

Sirajo ya yamutsa fuska, ya lumshe ido.

“Dillali na,” ya ce.

Malam Bube ya ajiye takalmin, ya koma ya zauna a tabarma.